Hoton da Yaya Ta Nema

Kwana goma sha biyu da sayen kyamarar, ƙanena ya kira ni a waya ina tsakiyar duba jarrabawar yara. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya ce, "Malama, Mama ta ce a gaya wa waccan ta zo da abin nan nata ranar Asabar."

Waccan ɗin ni ce. Abin nan kuma kyamarata ce.

Na ce, "Me za a yi da ita?"

Ya ce, "Hoto take so. Wanda za a sa a takarda."

Ban tambaye shi wace takarda ba, don na sani. A cocinmu in mutum ya rasu ana buga 'yar takardar tsarin jana'iza, a jera waƙoƙin da za a yi da ayoyin da za a karanta, a sa hoton mamacin a bangon gaba. Mahaifiyarmu kuwa an gano ƙari a cikinta. Likita ya ce ranar Litinin da safe za a yi mata aiki, kuma bai ɓoye mana ba cewa da shekarunta da hawan jininta abin ba zai zo da sauƙi ba. Ranar Alhamis ce ƙanen nawa ya kira. Na ajiye jan biro.

Shi ya ba ni labarin abin da ya tayar da maganar. Watan da ya wuce wata ƙawar mahaifiyarmu ta zumuntar matan coci ta rasu, 'ya'yanta suka nemi hotonta sama da ƙasa suka rasa. Ƙarshe sai suka yanko ta daga wani hoton biki, bakinta a buɗe tana tauna, ga rabin hannun wani mutum a kafaɗarta. Mahaifiyarmu ta dawo daga jana'izar ta kife takardar a kan tebur, ta ce shekara arba'in matar nan tana share coci, a ƙarshe an sallame ta da hannun wani ƙato a kafaɗa. Ta ce ita ba za a yi mata haka ba. Shagon hoto ma ba za ta je ba, wai can goge wa mutum fuska suke yi a kwamfuta har 'ya'yansa su kasa gane shi. A tsakar gidanta take so, cikin kayan zumunta, kuma fuskarta tana kallon jama'a.

To ni me na sani? Malamar firamare ce ni a Samaru, hoton waya kaɗai na iya. Sha'awa ce ta daɗe tana cina. Duk shekara ranar yaye ɗalibai sai mu ɗauko mai hoto, ya zo a makare, ya sassare wa yara kawuna, ya yi gaba. Na ce kai, ni ma ai ido biyu gare ni. Na tafi Sabon Gari wurin wani dattijo mai shagon hoto kusa da kasuwa, na sayi ta hannu, baƙa, mai ɗan nauyi, irin wadda ake kara ido a 'yar tagar baya a leƙa, gilashinta na gaba kuma ana murɗe shi a cire. Ya ce ta 'yan koyo ce. Ya murɗa wani ɗan faifai a samanta ya tsayar da shi a kan koriyar alama, ya ce in bar shi nan, ita za ta yi komai da kanta.

Ina fa! Na ɗauki akuyar maƙwabta, katanga ta fito tas, akuyar ta yi dishi-dishi. Na ɗauki mai gasa masara a bakin titi, tayar wata motar da ke bayanta ce ta fito. Da tsakar rana tsaka fitilarta takan ɓalle da kanta ta doki goshina. Ɗaliban jami'a da ke haya a gidanmu suna ganina da ita a wuya sai su kama kirari, wai 'yar jarida ta fito. Ina murmushi, amma a raina na fara nadamar sayenta.

Ga kuma abin da ya fi wannan. Ni ce 'yar fari. Mahaifiyarmu mutuniyar ƙauye ce ta asali, daga can bayan Zariya, inda kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce, ko masallaci kake zuwa ko coci. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. A gidanta na tashi cikin ƙannen mahaifiyata, suna ce mata Yaya, ni ma na bi bakinsu, har yau haka nake kiranta. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. In za ta yi mini magana sai ta yi wa bango, ko tukunya, ko duk wanda ke kusa: a ce wa waccan ga abinci nan. Kuma tun da na yi wayo ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Mata da yawa sun sassauta da suka shigo gari, ita kam ko alama. Mutane suna yabonta, wai mace mai alkunya. Ni kuwa, Allah ya gani, abin yana ci mini rai tun ina yarinya, har na kai arba'in da biyu bai daina ba.

Ranar Juma'a ana tashi daga makaranta na hau bas sai Sabon Gari. Dattijon yana zaune a ƙofar shago yana cin gyaɗa. Iyayensa mutanen kudu ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo su, shi a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Na dire masa kyamarar na ce, "Baba, abin da ka sayar mini ba ya jin magana."

Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya yana dariya har da tari. Da na faɗa masa abin da ke gabana sai dariyar ta ɗauke. Ya kakkaɓe hannu, ya jawo mini benci.

"Laifina ne," in ji shi. "A kan koren nan ita ke zaɓen abin da ta ga dama. Yanzu ke za ki zaɓa."

Ya murɗa faifan, ya danne-danne wasu wurare, ya ce in leƙa. A da ɗigogi ne barkatai a cikin tagar, yanzu saura ɗaya a tsakiya.

"Kin ga ɗigon nan? Ki ɗora shi a kan idon mutum. Ki danna rabi, kada ki kai ƙasa. In kin ji ƙit-ƙit, ɗigon ya yi ja, to ta kama. Sannan ki riƙe numfashi ki ƙarasa dannawa a hankali. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ba a buɗe kamar kaza za ta tashi ba. Kada ki zaunar da ita a rana, ki nemi inuwa mai haske, bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa. Kuma lallai ta kalli gilashin. In ido bai fito ba aikin banza kika yi."

Na gwada a kansa har sau goma sha wani abu. Na bakwai ɗin ya fito da kyau har furfurar girarsa ana ƙirgawa. Ya gargaɗe ni cewa batirin tsoho ne kamarsa, in rage kunna allon baya ina leƙen abin da na ɗauka, shi ke shanye shi. Na buɗe baki in ce masa matar da zan ɗauka ba ta kallona, kunya ta hana ni. Na yi godiya na tafi.

Asabar da la'asar na isa gidanmu a Muchia. Na tarar ta shirya tun azahar. Ta sa riga da zanen zumunta, an sha guga, ta kafa ɗankwali, ta zizara kwalli, Littafi Mai Tsarki a cinya. Rigar ta yi mata yawa. Sati uku kawai rabona da ita, amma ƙasusuwan wuyanta sun fito. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa randar da ke gefenta.

Ƙanena ya fito da kujera, na sa ya ajiye ta ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinta. Hasken ya yi daidai yadda dattijon ya ce. Na manne gwiwar hannu, na kara ido, na nemi idonta da ɗigon. Fatar ido na samu. Tana kallon Littafin.

Ƙanena ya ce, "Mama, ki ɗago mana. Nan za ki kalla, cikin gilashin."

Ta ɗago a hankali. Idon ya hau har ƙirjina, ya kusa, sai ya zame gefe ya koma kan randar. Na danna duk da haka. Ya sake magana, ta sake ɗagowa, wannan karon igiyar shanya ta kalla. Na matsa hagu, ta kalli dama. Na tsuguna, ta kalli sama. Ba da gangan take yi ba, ina ganin yadda wuyanta ke ƙoƙari, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Gilashin yana kan fuskata ne, kallonsa kallona ne, jikinta kuwa ya ƙi. Na ɗauki sama da arba'in, ko ɗaya babu ido.

Ta ce wa ƙanena, "A nuna mini."

Ya karɓa ya kai mata, ya riƙa wuce su a allon baya, ni ina tsaye ina tunanin batir. Ta gama kallo ta ture hannunsa.

"Wannan ai kamar wadda aka kama da sata," in ji ta. "Haka zan tsaya gaban mutane?"

Ya juyo ya ce, "Malama, ki saita mini kawai, ni in danna."

Yana faɗin haka yana tsaye dab da kafaɗata. Ya yi mata wata zolaya, wai ta yi kyau yau kamar za a kai ta gidan miji. Ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido, ta yi dariya, fuskar nan ta buɗe gaba ɗaya. Tazarar da ke tsakanina da inda idonta ya sauka ba ta fi taƙi biyu ba. Na fizge kyamarar daga hannunsa.

Na ce, "Ba wayarka ba ce da za ka riƙa dangwala mata yatsa."

"Ki nuna mini mana. Minti nawa ne?"

"Sati biyu ina fama da ita, kai za ka iya a minti ɗaya?"

Ya rage murya ya ce, "Haba Malama. Yau ba ke ce maganar ba."

"Ni aka aika wa! Da kai ake so ai kana gidan!"

Na faɗa da ƙarfi har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. Muna cikin haka iska ta taso, gari ya yi duhu, shanya ta fara tashi. Yaya ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, numfashinta yana fita sama-sama saboda daɗewar zama. Ta ce wa randa, "A bari sai gobe, in Allah ya kai mu." Ta shige ɗaki, ruwa ya kece.

A cikin bas ɗin komawa Samaru na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Mace tana shirin shiga ɗakin tiyata, abu ɗaya tak ta roƙa, ni kuma na tsaya kishi da ƙanen da na goya. Da na miƙa masa kyamarar da tuni an gama. Na ƙudura gobe zan saita komai, in nuna masa ɗigon, in koma bayan ɗaki in tsaya. Na isa gida na tarar iskar ta kayar da turken wuta a layinmu, har gari ya waye babu wuta.

Ranar Lahadi na tafi coci da abin cajin a jaka. Na lallaɓa na jona shi a wani soket bayan kujerun mawaƙa, na zauna ana wa'azi ban san me ake cewa ba. Da aka tashi na je cirewa, ashe soket ɗin matacce ne. Na kunna kyamarar, alamar batir saura layi ɗaya. Na tsaya a bakin titi ina jin kamar in kurma ihu.

Wajen ƙarfe uku da rabi na shiga gidan. Shiru. Yaya tana zaune a kujerar jiya, cikin kayan jiya, an sake goge su, jakar asibiti a ɗaure a gefenta. Na gaishe ta, na tambayi inda ƙanena yake. Ta ce wa ƙofa an kira shi asibiti ya ba da jini ya kuma kama gado, zai dawo da keke mai ƙafa uku ƙarfe biyar, don an ce kafin shida a kwantar da ita. Na kira shi, ya ce layi ne a gabansa, ba zai iya fitowa ba. Na leƙa gidan maƙwabciya, ƙofa a kulle. Na ɗaga kai, hadari ya fara haɗuwa daga gabas. Mu biyu ne kawai a gidan, abin da ban tuna ya taɓa faruwa ba.

Na tuna a 'yar takardar da ta zo da kyamarar akwai yadda ake sa ta ta ƙirga goma ta ɗauka da kanta. Na kife turmi, na naɗe tsumma na ɗora ta a kai, na saita. Na ce, "Yaya, zan danna in kauce. In kin ga fitila tana ƙiftawa ki kalli gilashin." Na danna, na ruga bayan madafa. Na ji ƙarar ta, na dawo na duba. Ta kalla kuwa, amma turmin ya yi ƙasa, an yanke kanta daga gira. Na ƙara tsumma. Na biyu idonta a rufe. Na uku tsumman ya motsa, ɗigon ya kama ƙyauren bayanta, ita ta zama inuwa. Ina cikin duba na ukun alamar batir ta koma ja ta fara ƙiftawa.

Na kashe ta da sauri. Iska ta fara kaɗa ganyen gwandar tsakar gida. Yaya ta jingina da kujera ta lumshe ido, leɓɓanta sun bushe, hannunta ɗaya yana dafe da ciki. Na san ba za ta iya wani dogon zama ba, kyamarar ma haka.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yaya, don girman Allah me na yi miki? Daƙiƙa ɗaya fa! Daƙiƙa ɗaya kawai ki dube ni in danna, shi ke nan, ba zan ƙara roƙonki ba har abada."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Kanta yana ƙasa, babban yatsanta yana shafa bakin Littafin. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata komai, yanzu za ta tashi ta shige ɗaki.

Can sai ta yi gyaran murya, ta ce wa turmin, "Lokacin da muka zo garin nan akwai masu hoto a bakin tashar jirgi. Baƙin ƙyalle suke lulluɓa. Mutum ba ya sanin ko wane ne a ciki."

Na tsaya ina kallonta.

Ta ce, "Akwai zane a kan igiya."

Zanenta ne na zaman gida, shuɗi, ya koɗe don wanki. Na janyo shi na lulluɓa daga kai har kafaɗa, na bar bakin gilashin kaɗai a waje. Ciki duhu, da zafi, da ƙanshin man zafi da hayaƙin itace da sabulun wanki. Na durƙusa a gabanta, na kunna, na kara ido.

A cikin 'yar tagar na ga ta gyara zama. Ta taɓa ɗankwali, ta daidaita Littafin, ta ja numfashi. Sai ta ɗago kai, ta dube ni.

Ashe idonta ba baƙi ba ne. Ruwan ƙasa ne, da wani zobe fari-fari a kewaye irin na tsufa. A farin idon hagu akwai ɗan tabo kamar ƙwayar gero, irin wanda nake gani a madubi kullum, ban taɓa sanin inda na samo shi ba. Na ɗora ɗigon a kai, na danna rabi, na ji ƙit-ƙit, ya yi ja. Abin da ya rage in ƙarasa dannawa. Yatsana ya ƙi. Alamar batir tana ƙiftawa a ƙasan tagar, ina ganinta sarai, amma na san ina dannawa za a gama, ta sunkuyar da kai. Na ci gaba da kallo kamar mayunwaciya.

Ita ma ba ta kauda ido ba. Ta ce, "Mai hoto."

Na ce, "Na'am."

"Daga Samaru aka ce kike?"

"E."

"Ina da yarinya a can, malama ce. In kin gan ta ki ce ta riƙa cin abinci, tun bikin Ista take ramewa. Kuma ta daina matse ɗankwali a goshi, shi ke kawo mata ciwon kan nan, ni ma haka na yi fama." Ta ɗan tsaya ta huta. "Zafin rai gare ta, amma ba ta da mugunta. Ranar da aka ba ta takardar gama makarantar malamai ina can baya, wajen bishiyoyi. Ta yi tuntuɓe a matakala ta biyu."

Na yi tuntuɓen kuwa. Shekara ashirin ina cewa ba ta je ba.

Tagar ta cika da ruwa, ban ƙara ganin komai sosai ba. Kafaɗuna suka kama rawa, na matse gwiwar hannu a haƙarƙari iya ƙarfina abin ya ƙi tsayawa. Ɗigon ruwan sama na farko ya buga kwanon rumfa.

Ta ce, "To a ɗauka mana, hadari ya iso."

Na goge ido da zanen, na sake nemo idon hagun, na ji ƙit-ƙit, na danna. Na sake. Na riƙe numfashi har ƙirjina ya yi zafi, na danna na uku. Da na nemi na huɗu sai na ji madannin ya mutu a ƙarƙashin yatsana. Na latsa allon baya, baƙi ƙirin.

Na yaye zanen. Kanta yana ƙasa, tana kallon Littafin. Ta ce wa ƙofa, "A rataye zanen kan ƙusa a ɗaki, kada ya jiƙe." Na kai. Ba a daɗe ba keke ya tsaya a ƙofar gida, ƙanena ya shigo a guje da auduga manne a hannu, yana tambaya an samu? Na ce ban sani ba. Muka kama ta muka sa a keke cikin ruwa.

Ranar Litinin awa huɗu muna zaune a bencin ƙofar tiyata. Na zare ɗan katin da hotunan ke ciki na ƙulle shi a bakin zanena, ina taɓa shi minti-minti. Akwai masu cajin waya a bakin asibitin, da na so da na ba su batirin na duba tun safe. Tsoro ya hana ni. In ta tafi kuma ukun nan duk sun lalace, ban san inda zan sa kaina ba. Bayan azahar likita ya fito ya ce an gama, tana numfashi, sai dai abin ya yaɗu fiye da yadda suka zata.

Washegari na kai wa dattijon katin. Ya sa a kwamfuta, ni ina tsaye a bayansa na riƙe kujera. Ya wuce na Asabar da na kan turmi. Na farkon ukun ya fito a girgize, fuska biyu-biyu. Na biyu ma haka, har ya fi muni. Ya tsaya, ya waiwayo ya dube ni, sannan ya danna. Na ukun ya ɗan karkace, gefen randa ya shigo. Ya jawo fuskar kusa, ya ƙara jawowa har ido ɗaya ya cika allon. Kwallin ya fito, gashin idon ya fito ɗaya-ɗaya, da ɗan tabon. Na zauna a ƙasan shagon.

Ya ce zai daidaita karkacewar ya yanke randar, ya tambaya ko ya ɗan goge mata layukan goshi. Na ce kada ya taɓa ko ɗaya. Ya wanke mini babba, ya sa a ambulan.

Ƙanena ne ya miƙa mata a gadon asibiti, ni ina tsaye wajen taga. Ta riƙe shi da hannu biyu, robar ƙarin ruwa tana lilo, ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar cikin ambulan da kanta ta ce, "Wannan ya yi. A ajiye inda ba za a nema a rasa ba."

An sallame ta bayan sati biyu, ta yi wata huɗu a gida. Kusan kullum in an tashi daga makaranta nakan je, in dama mata kunu, in wanke mata kaya, tana ba bango saƙo ina amsawa. Ba ta ƙara ɗaga ido ta dube ni ba, ni kuma ban ƙara nema ba. Ana cikin girbin dawa muka kai hoton wurin masu buga takarda.